Furen Da Bai Buɗe Ba

"Amarya! Miƙo mini shayin nan kafin direba ya fara damun mu da hon."

Amarya ta fito daga kicin da tire, ta rusuna ta ajiye a gaban surukarta. Mama ba ta ko kalli kofin ba. Hannun da ya kawo shi ta bi da ido, farata goma an shafe su da jel ruwan hoda suna ta sheƙi, kowanne da ɗan ɗigon zinare a bakinsa.

"Hmm. An sake fenti ke nan."

"E, Mama."

"To. Allah Ya kawo mai rabo." Ta ɗauki kofin ta kurɓa kamar tana shan magani.

Auta, ƙanwar mijin Amarya, tana kwance a doguwar kujera tana latsa waya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ai mu gidan nan ba ma buƙatar kalanda, Mama. Hannun Anti ya ishe mu."

"Ke, rufe mini baki!" in ji Mama. Amma ba ta ce ƙarya yarinyar ta yi ba.

Duk macen da ke sallah ta san zancen. Jel ba ya barin ruwan alwala ya taɓa farce, don haka ba a sa shi sai a kwanakin da mace take hutun sallah, da ta yi tsarki kuma ta cire. To shekara huɗu da aure, babu watan da hannun Amarya bai yi wannan sheƙin ba, kuma babu watan da Mama ba ta karanta shi ta fahimci cewa wannan watan ma babu jika ba. Shi ya sa har yau sunanta Amarya. Sa'o'inta duk sun zama Maman Wane da Maman Wance, ita kuwa an bar ta da sunan ranar da ta shigo gidan, kamar rigar da ta yi wa mutum kaɗan amma ba shi da ta canji.

Abin da Mama ba ta sani ba shi ne, ɗanta ne ya fara. Makaniken inji ne a jirgin ruwan dakon kaya, Amarya ce ta laƙaba masa Kyaftin don tsokana, sunan kuma ya bi shi. Wata rana a shekararsu ta farko ya same ta a banɗaki tana kuka don ta sake ganin jini. Bai yi mata wa'azi ba. Mukullin mota ya ɗauka ya kai ta salun, ya ce, "Duk watan da ya zo mana da baƙin ciki, ki zo nan a yi miki ado ki turo mini hoto. Ba zan bari watan ya tafi bai bar mana komai mai kyau ba."

A wannan safiyar Mama za ta tafi wajen babbar 'yarta ne, wadda cikinta ya zo da wahala, likita ya hana ta ko ɗaga bokiti. Auta ma za ta koma makaranta. Suka loda akwatuna, mota ta tashi, Amarya ta rufe get ta dawo gidan da babu motsin kowa sai ƙarar firij.

Ba a daɗe ba Kyaftin ya zo ɗan gajeren hutu, ya cika gidan da dariya da warin man inji, ya koma. Wata ya zagayo, Amarya ba ta je salun ba. Wani ya sake zagayowa, faratanta suna nan fari tas. Ran da ta ga layi biyu a kan ɗan tsinken gwajin ciki sai da ta zauna a ƙasan tayil, ta rasa wa za ta rungume. Ta kira shi, babu netwok, jirginsu yana tsakiyar ruwa. Sai ta bar masa saƙon murya tana dariya tana haki: "Kyaftin, ina da albishir! Amma wallahi ba zan faɗa a waya ba, sai na ga idonka. Kai za ka fara ji, kafin kowa a duniya."

Wata ranar Talata da hantsi tana shanya a bayan gida, mararta ta murɗa. Ita ta kira tasi da kanta, ita ta sa hannu a asibiti da kanta. Da aka gama wankin cikin, nas ta leƙo ta ce, "Wa ya zo da ke?" Amarya ta ce, "Yana hanya." Ta kwanta tana kallon silin har ruwan da aka ɗaura mata ya ƙare, ta tashi ta sake kiran tasi.

Ta yi kwanaki ba ta buɗe labule ba. Mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare, babanta kuwa ba irin zancen da ake yi da shi ba ne. Daga wayar Mama kuwa kullum sai hotunan sabon jariri suke shigowa, domin babbar 'yar ta sauka lafiya. Amarya takan rubuta "Masha Allah" ta kife wayar.

Ran da ƙafarta ta iya ɗaukarta, salun ta nufa.

Shagon yana hawa na biyu, saman wani kantin magani. Ƙamshin asiton, ruwan goge fentin farce, ne ke fara tarbar mutum tun daga matakala. Mai shagon, wadda kowa ke kira Madam, wata doguwa ce mai tabarau a goshi da baki kamar rediyo.

"Lale lale! Ga ɓatacciya ta dawo! Wata biyu ban gan ki ba, har na ce wa 'yan shago shi ke nan, Allah Ya amsa, na yi asarar kwastoma. Ashe dai..."

Sai ta dubi fuskar Amarya da kyau. Ta sauke tabarau, ta ja kujera, ta ce a hankali, "Zauna, ƙanwata. Kawo hannun."

Ta goge faratan da magogin farce, ta daidaita bakinsu, ta tura fatar gindinsu da ɗan ƙarfe, ta share ƙurar da burushi. Sannan ta miƙa hannu ga kwalbar da ta saba sa mata a ƙasa, irin wadda ake ɓare jel ɗin cikin sauƙi bayan 'yan kwanaki. Kullum sai ta yi mita a kan wannan, wai aikinta na sati uku ne amma Amarya ba ta barinsa ya cika sati.

"Ba wannan ba, Madam," in ji Amarya. "Sa mini mai daɗewa. Likita ta ce jinin zai ɗauki lokaci."

Madam ta mayar da kwalbar, ta ɗauko wata.

"Wane kala?"

"Fari. Mara ƙyalli."

"Dizayin fa?"

Amarya ta daɗe tana kallon hannunta. "Tara ki bar su haka. Wannan," ta ɗaga yatsan da zoben aurenta yake, "ki zana mini fure. Amma wanda bai buɗe ba. Yana dunƙule, ɗan ƙarami, da ganye ɗaya."

Shafi ɗaya, hannu ya shiga ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Wani shafin, ya sake shiga. Zafin da jel kan yi sa'ad da yake bushewa ya ratsa faratanta, ba ta janye ba. A kujerar gefe wasu 'yan mata biyu suna gardama kan ko duwatsu masu ƙyalli sun fita yayi, suna ta shewa. Madam ta ɗauki burushi siriri kamar gashin ido, ta tsoma a kore, ta ja ɗan kara. Ta tsoma a ja mai haske, ta ɗiga, ta lanƙwasa, ta riƙe numfashi ta gyara bakinsa. Sai ga shi, ɗan fure a dunƙule, kamar gobe zai buɗe.

Hawaye ya ɗiga a kan tawul. Hannun Amarya duka biyu ba su bushe ba, ba ta da abin sharewa. Madam ce ta zaro tishu ta share mata fuska kamar yarinya.

"Mijinki ya sani?"

"Yana ruwa."

"Surukarki?"

"Shi na yi wa alkawari zai fara ji. Ban samu na ba shi labarin zuwan cikin ba, Madam. Ko na tafiyarsa ne, shi zai fara ji."

Madam ta shafa mata mai a gindin faratan, ta riƙe hannun fiye da yadda aikin yake buƙata.

Mama ta dawo da akwati cike da tsaraba da baki cike da labarin jika. Amarya ta kawo ruwa, Mama ta kalli hannu, ta ce "Hmm" ɗinta, aka wuce wurin. Sati ya wuce. Faratan suna nan. Wani satin ya kama hanya. Mama ta fara tsayawa a ƙofar ɗakin Amarya lokacin azahar, tana leƙen dardumar da ke ninke a kan durowa ba a taɓa ta ba.

"Amarya, wannan hutun naki ba ya ƙarewa ne?"

"Da saura, Mama."

"Da saura? Ni ma fa mace ce. Na haifi biyar."

Amarya ta sunkuyar da kai. Wallahi da Mama ta zauna a bakin gado ta ce, "'Yata, me ke damunki?" da alkawarin nan bai kai yamma ba. Amma wasu mutanen sun fi son su kama ka da su tambaye ka.

Auta ta zo hutun ƙarshen mako ta ƙara wa wutar fetur. Ta kamo hannun Amarya a kicin ta ɗaga shi sama. "Mama, zo ki gani! Kin ga nan ƙasan, inda sabon farce ya tsiro? Wannan jel ɗin ya fi sati biyu, ni na san harkar. Kai, Anti, gaskiya kin ci gaba. Ado ya fi sallah ke nan?"

Daga ranar Mama ta daina cin abin da Amarya ta dafa. Ta ware kofinta da farantinta. In Amarya ta shigo falo, sai ta tashi ta shige ɗaki tana salati da ƙarfi. Gida ɗaya, mutum uku, amma Amarya takan wuni ba wanda ya kira ko sunan nan da ba ta so. Takan zauna a bakin taga ta ɗora babban yatsa a kan ɗan furen tana shafawa. Duk duniya nan ne kaɗai aka rubuta cewa ɗan nata ya taɓa zuwa.

Ran da jirgin ya matso gaɓa netwok ya dawo, Mama ce ta riga ta kiran Kyaftin. Amarya tana jiyo muryarta ta bango: "Na yi haƙurin rashin haihuwa, wannan na Allah ne. Amma macen da ta ajiye sallah saboda fenti ba za ta kwana ƙarƙashin rufina ba! Ka zo ka sallame ta, ko ka nemi wata uwar!"

Can sai wayar Amarya ta yi ƙara.

"Me nake ji haka?" Muryarsa a gajiye, iska tana kaɗawa a bayansa. "Ki cire abin nan mana a zauna lafiya. Farce ne fa kawai."

"Ba farce ne kawai ba."

"To mene ne? Kuma ina albishir ɗina? Na saurari saƙonki ya fi sau nawa."

Ta cije leɓe har sai da ta ji gishirin jini. A ce ta gaya masa yanzu, yana tsaye shi kaɗai a kan ƙarfe, gobe ya shiga ɗakin inji da wannan a ƙirjinsa?

"Sai ka dawo, Kyaftin."

"Wannan watan ko hoto ba ki turo mini ba."

"Sai ka dawo."

Sai layin ya yanke. Ba ta san ko netwok ne ko shi ne ba.

Bayan kwana biyu, da la'asar, ya iso gida, jakarsa a kafaɗa. Mama ba ta bari ya ko cire takalmi ba. Ta zaunar da shi a falo, ta aika Auta ta kira Amarya, sannan ta dire kwalbar asiton da ƙullin auduga a kan tebur, ji kake ƙwas!

"Ga ta nan, ga hannunta. Ba ni na faɗa ba, idonka ya gani. Ko ta goge shi yanzu a gabana ta yi alwala, ko ta haɗa kayanta."

Kyaftin ya dubi matarsa. Ta rame, wuyanta ya fito, idanunta sun faɗa. Ya dubi kwalbar. Sai ya sa hannu ya ture ta gefe.

"Mama, ki gafarce ni. Ban san dalilinta ba, wallahi ban sani ba, ni ma ta ƙi gaya mini. Amma shekara huɗu ita ke tashina sallar asuba, har ruwa take yayyafa mini in na ƙi. Wannan matar ba ta bar sallah don fenti ba. Ba zan sallame ta ba, kuma ba zan nemi wata uwar ba."

"Au, ta shanye ka ke nan!"

Ya tashi ya durƙusa a gaban Amarya, ya kamo hannunta yana jujjuyawa kamar yadda ya saba yi wa hotunan da take turo masa. Fari, fari, fari... sai ya tsaya a yatsan zobe. Shi ya san zanenta. Shekara huɗu tana turo masa furanni, duk a buɗe suke, ita ce ma ke cewa furen da bai buɗe ba asarar fenti ne.

"Wannan me ya hana shi buɗewa?"

"Shi ne albishir ɗinka." Muryarta ta karye. "Wata biyu da 'yan kwanaki ya yi. Ina shanya... ni kaɗai ce a gidan. Na ce kai za ka fara ji. Ka yi haƙuri, Kyaftin, ban iya riƙe maka shi ba."

Wayar Auta ta suɓuce ta faɗi a kan tayil.

Kyaftin ya kifa goshinsa a kan hannun nan. Ƙato da shi, mai ɗaga ƙarfen da mutum biyu ba sa ɗagawa, yana kuka kamar yaro.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mama. Ta nemi kujera da hannu kamar makauniya. "Jinin ɓari ne? Ke kaɗai? Wa ya kai ki asibiti?"

"Tasi, Mama."

"Wa ya dafa miki ruwan zafi? Wa ya..." Ta tuna kofin da ta ware, ta tuna abincin da yarinyar nan take tsayawa ta dafa da wannan jikin a mayar mata da shi ba a taɓa ba. "Na shiga uku! Ni da na yi ɓari biyu kafin in haifi wannan, ni ce ban gane ba? Ina ta ƙirga miki kwanaki a farce, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarki ba!"

Ta sauko ƙasa da gwiwoyinta masu ciwo, ta janye ɗanta gefe, ta rungume Amarya. "Ki yafe mini, 'yata. Don girman Allah ki yafe mini."

Auta tana rakuɓe a jikin ƙofa tana sharar hanci. "Anti, ni bakina ne..."

"Bakinki ne, kuma za ki koya masa zama!" Mama ta daka mata tsawa cikin kuka. "Wuce ki ɗora ruwa!"

Ran da Amarya ta samu tsarki, Mama ce ta ce ita za ta raka ta salun. Ta hau matakalar nan tana nishi tana tsine wa wanda ya gina ta. Madam ta naɗe yatsu tara da auduga da takardar foyil, da ta zo na goman sai ta dakata. Kyaftin, wanda ya kawo su, ya matso da waya ya ɗauki hoton ɗan furen, sannan Mama ta ce, "Ba ni nan," ta karɓi audugar ta naɗe yatsan da hannunta, ta riƙe shi har jel ɗin ya saki.

Tun daga ranar, in Amarya ta kawo shayi, fuskarta Mama take kallo. Watanni suka zo da fenti, ba ta ce "Hmm" ba. Wasu suka zo babu fenti, ta danne bakinta da ƙyar, har Auta tana cewa Mama za ta fashe. Sai da Kyaftin ya fara ji, sannan aka gaya mata, ta yi kamar ba ta sani ba.

Mace aka haifa. Suna na gaskiya yana nan, amma kakarta ba ta kiranta da komai sai Fure. Madam ta zo barka tana ta mita wai an kashe mata kasuwa, ta kamo ɗan hannun jaririyar tana duba faratan, ta ce wannan kwastomarta ce, ta yi mata rijista tun yanzu.

"Maman Fure!" Mama ta ƙwala kira daga falo. "Zo ki karɓi 'yarki, ta jiƙa mini zane!"

Amarya ta ɗan tsaya a ƙofar kicin kafin ta gane da ita ake.

To 'yan'uwa mata, iyaye da ƙannen miji, ga abin da nake so ku riƙe. Abin da ido ya gani a jikin mutum ba shi ne labarinsa ba. Kafin ku yanke wa 'yar mutane hukunci, ku zaunar da ita ku tambaye ta me ke damunta, tambayar ba ta cin komai. Kai kuma miji, in ka san wadda ka aura, ka tsaya mata tun kafin hujja ta zo, ba tare da ka ɗaga wa mahaifiyarka murya ba. Wadda kuma take kuka ita kaɗai a ɗaki, ta yi haƙuri. Allah Yana ganin abin da mutanen gida ba su gani ba, kuma ba Ya mantuwa.